Haruffan Kanun Labarai da Haƙƙin Ƙugiya

A wannan mako za mu leƙa ɗakin tsara jarida, mu dubi haruffan nan masu gwaɓi da kuke hangowa tun daga nesa a hannun mai sayar da jarida. Na fi nufin irin waɗanda ke da kauri a ƙarshen kowace ƙafa, sai ka ce harafin ya sa takalmin soja, sa'an nan a ɗan karkata su dama kamar mai shirin gudu.

Asalinsu Ingila ne. A shekarar 1815 wani mai ƙera haruffan ɗab'i a Landan, Vincent Figgins, ya fito da irinsu, lokacin da 'yan kasuwa ke neman rubutun talla da mai wucewa zai karanta a bango ba tare da ya tsaya ba. Turawa suka laƙaba musu sunan Masar, alhali kuwa babu abin da ya haɗa su da rubutun Misirawa. Yayin ƙasar kawai ake yi a Turai tun bayan da Napoleon ya kai mata yaƙi a 1798. A 1845 Robert Besley ya fitar da Clarendon, a 1934 kuma kamfanin Monotype ya fitar da Rockwell. Shi kuwa karkataccen rubutu ya girme su duka, domin a 1501 Aldus Manutius ya fara buga littafi da shi a birnin Venis na Italiya.

In aka haɗa gwaɓi da karkata, harafi ya zama sanƙira. Wurinsa kan labari ne da allon talla. Wanda ya cika shafi da shi ya gajiyar da idon mai karatu.

To, ga inda gizo ke saƙar. An ƙera waɗannan haruffa ne domin harsunan Turai, kuma da yawa daga cikinsu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930. In ka buga ƙ, sai kwamfuta ta aro wani siririn harafi daga wani gida ta dasa a tsakiyar kalma. Na sha ganin mai tsara shafi ya ce wannan ya yi muni, ya share ƙugiyar ya huta.

Amma a dubi wannan: "An ƙare dajin gwamnati" labarin ɓarna ne. A cire ƙugiya, ya koma "An kare dajin gwamnati", wato yabo. Mutane da dama kan labari kaɗai suke karantawa su wuce, da shi kuma za su kai labari gida.

Saboda haka shawarata ga editoci da masu maɗaba'a ita ce, kafin a zaɓi harafin kanu, a gwada shi da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana. In ba shi da su, a nemi wani, kome kyansa.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.