Sharhi: Tauraron Ɗan'adam Mai Rada a Falaki Mai Nisa da Batun Ambaliyar Ruwa

A watan Agustan 2023 ƙasar Sin ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Ludi Tance-4 daga tashar Xichang. Shi ne na farko a duniya da ya ɗauki na'urar rada mai ɗaukar hoton ƙasa zuwa falakin da ke da nisan kimanin kilomita 36,000, inda tauraro ke kewaya duniya sau ɗaya a kwana guda, daidai da juyawarta. Saboda haka yanki ɗaya yake fuskanta kullum.

Ita na'urar rada, igiyoyin rediyo take aikowa ƙasa, sannan ta karɓi amsawarsu ta haɗa hoto. Gajimare ba ya tare ta, haka ma duhun dare. Wannan ne ya bambanta ta da kyamarar taurari irin NigeriaSat-2 da aka harba a 2011, wadda hadarin damina kan rufe wa gani a lokacin da aka fi bukatarta.

Taurarin rada da aka saba da su kusa da ƙasa suke. Misali, Sentinel-1 na Turai yana shawagi a nisan kimanin kilomita 700, kuma kowane ɗaya sai bayan kwana 12 yake maimaita hanyarsa. Ita kuwa ambaliya cikin dare ɗaya take ɓarna, kamar yadda aka gani a Maiduguri a watan Satumban 2024 da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Tauraron falaki mai nisa na iya duba wuri ɗaya sau da dama a yini.

Sai dai tsara irin wannan tauraro na da wuya. Nisan kan raunana igiyoyin, don haka ana bukatar babbar eriya da wutar lantarki mai yawa. Bugu da ƙari, dole tauraron ya riƙa motsi idan an kwatanta shi da ƙasa kafin hoto ya haɗu, shi ya sa ake ɗan karkata falakinsa. Hoto ɗaya kan ci mintuna ko sa'o'i, kuma a tsakanin haka sauyin danshin iska na iya dusashe shi. Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta yi nazarin wani shiri irin wannan mai suna Hydroterra, amma ba ta zaɓe shi ba a 2021.

Abin lura ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai shi ne, duk saurin hoton tauraro, amfaninsa na ga isar gargaɗi cikin lokaci. Ya kamata kowace gunduma da ke bakin kogi ta san wanda zai karɓi sanarwar hukumar ba da agajin gaggawa, da tudun da jama'a za su koma, tun kafin damina ta kankama.