Hutun ƙaro karatu: Wa zai karanci ilimin guba?

Idan ma'aikacin gwamnatin tarayya ya nemi hutun ƙaro karatu, galibi an san inda ya dosa: digiri na biyu a harkar mulki, ko gudanar da kasuwanci, ko hulɗar ƙasa da ƙasa. Ba a ga laifinsa ba, domin karatu ne da ake iya haɗawa da zuwa ofis, kuma takardarsa tana da amfani ranar ƙarin girma. Sai dai akwai fannin da ƙasar nan ta riga ta biya kuɗin rashinsa da rayukan yara: kimiyyar sinadaran muhalli, da ilimin guba, da auna haɗarin gurɓacewa.

A farkon 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka lura cewa ƙananan yara na mutuwa bayan jijjiga a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba. Sai da aka kai jinin wasu yaran ɗakin gwaji a Jamus kafin aka tabbatar cewa gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa domin zinare cike suke da dalma, ana niƙa su a cikin gari, har a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara kusan 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Manyan ƙwararrun da suka jagoranci auna ƙasa da tsara aikin tsaftace ƙauyukan daga Amurka suka zo, wato hukumar CDC da kamfanin TerraGraphics. Bayan shekara biyar, a 2015, abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Mai digiri na biyu a wannan fanni ba sunayen sinadarai yake hardacewa ba. Ana koya masa ya amsa tambayoyin da hukunci ya rataya a kansu. Wace guba ce, kuma nawa ne adadinta a ƙasa ko a ruwa? Ta wace hanya take shiga jiki, ta numfashi ko ta hannun da yaro ke kaiwa baki? Wa ta fi cutarwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na iya shanye dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke shanyewa. Daga irin wannan lissafi ake sanin gidan da za a fara kankare ƙasarsa da rijiyar da za a rufe yau.

Labarin Bagega ya fi kowanne shafar masu rubuta wa minista takardar shawara. Likitoci sun bayyana cewa ba za su fara ba yaran garin maganin wanke dalma daga jini ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin yaron da aka yi wa magani ya koma tsakar gidan da ya kamu, an yi aikin baban giwa. Saboda haka kowane wata da kuɗin tsaftacewa ya yi a kwance, wata ne da yara suka yi ba magani. An yi alƙawarin kuɗin a 2012, ba su fita ba sai farkon 2013, bayan matsin lambar 'yan fafutika. A kan teburin Abuja, fayil ɗin aikin kwasar ƙasa ne kawai, wanda zai iya jiran wani zangon kasafi. Ana bukatar jami'in da ya fahimci alƙaluman, yana kuma da matsayin da za a saurare shi, ya ce wannan fayil ba ya jira.

A Kudu ma haka zancen yake. Rahoton 2011 na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yankin Ogoni ya gano sinadarin benzin mai haddasa sankara a rijiyoyin Nisisioken Ogale, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ya kuma ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Aikin da zai kai tsawon rayuwar ma'aikaci a ofis ba a jingina shi ga baƙi 'yan kwangila.

Masu ja da wannan shawara suna da hujja. Karatun na da tsada, na'urar auna ƙarafa masu guba tana bukatar wutar da ba ta yankewa da iskar gas ta musamman, kuma an sha ganin na'ura a jami'a lulluɓe da leda saboda rashin mai gyara. Mafi muni, wanda ya gama karatun yakan dawo a ajiye shi a sashen da babu ruwansa da abin da ya koyo, har ya gaji ya nemi aiki a waje. Amma wannan matsala ce ta tsari, kuma tsarin yana hannun masu karanta wannan shafi. Hukumomin NESREA da NOSDRA, da ma'aikatun muhalli, lafiya da ma'adinai, suna iya ware guraben hutun karatu ga wannan fanni, da sharaɗin cewa binciken ɗalibi zai kasance a kan wuri na gaske: sansanin masu haƙar zinare, ko magudanar masana'antar fata a Kano, ko bolar da ake ƙona tsofaffin batura. TETFund da PTDF kuma su haɗa tallafin karatu da kuɗin gwaji, domin ɗalibin da ke biyan kuɗin kowane samfuri daga albashinsa zai auna goma inda ake bukatar ɗari.

A watan Disamba na 2024 Ministan Ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka sanya wa Zamfara tun 2019, ga kuma masu haƙar litiyam sun cika Nasarawa, maƙwabciyar Abuja. Duk kwamitin majalisar da zai zauna kan kasafin waɗannan hukumomi, ya kamata hadiminsa ya rubuta wa shugaba tambaya ɗaya: jami'ai nawa hukumar ke da su da za su iya ɗaukar samfurin ƙasa daga tsakar gida a Anka, su auna shi a cikin Najeriya, su kawo sakamako cikin mako guda?