Darasin tafkin Pushkar a Indiya: Yashe laka kaɗai ba ya kawo ruwa

A kowace shekara, cikin watan Oktoba ko Nuwamba, dubun-dubatar mabiya addinin Hindu kan yi tururuwa zuwa garin Pushkar da ke jihar Rajasthan domin wanka a tafkin da suke ɗauka mai tsarki. Matakalai 52 ne ke gangarawa cikin ruwan, kuma a lokacin ne ake cin shahararriyar kasuwar raƙuman garin.

Sai dai a 2009 tafkin ya ƙafe, bayan an kwashe lakarsa a wani aikin gwamnati na zurfafa shi, damina kuma ta yi gardama. Dole hukumomi suka riƙa tara ruwan rijiyoyin burtsatse a bakin matakalan saboda masu ibada.

Tushen matsalar na wajen tafkin. Ruwan saman da ke gangarowa daga duwatsun Aravalli ne ke cika shi. Sare itatuwa ya jawo zaizayar ƙasa, gine-gine sun tare hanyoyin ruwa, yayin da gonaki da otal-otal ke zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa.

A watan Afrilun 2022 Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da shirin Amrit Sarovar na haƙa ko farfaɗo da tafkuna 75 a kowace gunduma. Ƙirga tafkunan da aka yashe abu ne mai sauƙi. Amma muddin ba a buɗe magudanan da ke shayar da su ba, aka kuma taƙaita haƙa rijiyoyi a kewayensu, masu ibada za su sake tarar da busasshiyar laka.