Taya Ɗaya Ba Ta Ɗaukar Hunturu da Bazara

A shekarar 1977 kamfanin Goodyear ya fito da wata taya mai suna Tiempo, ya tallata ta a Amurka a matsayin wadda za a ɗaura wa mota a manta da ita, ko rana ake ƙwallawa, ko ruwa ake shekawa, ko dusar ƙanƙara ce ta rufe hanya. Kafin nan direban jihohin sanyi ya saba da ɗawainiyar sauya taya sau biyu a shekara. Sabuwar tayar ta sauke masa wannan nauyi, mutane kuwa suka karɓe ta hannu bibbiyu. Yau galibin ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka da Kanada da irin wannan taya suke fitowa, har masu mota da yawa suka ɗauka an gama magana, wai an samu tayar kowane yanayi. Ba a samu ba. Abin da aka samu shi ne taya mai raba ƙafa, wadda ba ta kai ta hunturu riƙo a kan dusa ba, ba ta kuma kai ta bazara tsayuwa a jiƙaƙƙiyar kwalta ba, aka sayar wa jama'a ita kamar ta haɗa ƙarfin duka biyun.

Tushen matsalar yana cikin robar kanta. Duk nauyin mota, da gudunta, da birkinta, sun dogara ne ga wurare huɗu da taya ke taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da wani abin kirki ba. Roba tana kama hanya ne saboda laushinta, tana shiga ƙananan gargada na kwalta tana manne musu. Idan sanyi ya tsananta sai ta sandare, ta daina shiga, ta koma zamewa a sama. Masu ƙera taya sun daɗe suna ambatar digiri 7 a ma'aunin Selshiyos a matsayin inda robar bazara ke fara rasa laushinta; ba katanga ba ce da ake tsallakewa lokaci guda, amma daga nan abin ke soma taɓarɓarewa. Tayar hunturu ana haɗa robarta yadda za ta ci gaba da laushi ko ruwa ya daskare, a kuma cika zanenta da siraran tsagogi masu buɗewa su ciji dusa, da ramuka masu riƙe dusar a cikinsu, domin dusa ta fi kama 'yar'uwarta dusa fiye da yadda take kama roba. To amma wannan laushin da ke ceto a watan Janairu, shi ne ke sa tayar ta yi lagwab ta cinye da wuri a watan Yuli. Mai haɗa robar kowane yanayi dole ya tsaya tsakiya, ya rage nan ya rage can. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma injiniyoyin kamfanonin sun fi kowa sani.

Mai kare wannan taya zai nuna maka haruffan M+S da ke gefenta, ya ce ai an rubuta cewa ta dace da taɓo da dusa. Nan ne yaudarar ta fi muni, domin waɗannan haruffa ba shaidar cin wata jarrabawa ba ne. Siffar zanen taya kawai ake dubawa, yawan ramukanta da yadda aka jera su, kamfani kuma shi ke buga wa kansa tambarin ba tare da an gwada tayar a kan dusa ko sau ɗaya ba. Rashin amfanin haruffan ne ya sa a 1999 ƙungiyoyin masu sarrafa roba na Amurka da Kanada suka ɓullo da wata alama, dutse mai ƙololuwa uku da ɗigon dusa a tsakiyarsa, wadda a wancan lokacin sai taya ta nuna a gwaji cewa riƙonta a danƙararriyar dusa ya zarce na tayar da ake auna saura da ita da kashi 10 cikin ɗari kafin a ba ta. Gwamnatocin da 'yan ƙasarsu ke mutuwa a kan hanyoyin sanyi sun yanke hukunci tuni. Lardin Kebek na Kanada ya wajabta tayar hunturu tun 2008, kuma wajibcin yanzu yana farawa ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Jamus, wadda ta taɓa amincewa da haruffan M+S, ta daina karɓarsu kwata-kwata daga Oktoba 2024. Wanda aka kama a kan dusa ko santsin ƙanƙara ba tare da alamar dutsen ba zai biya tarar Yuro 60, a kuma rubuta masa maki na laifi. Babu ƙasar da ke takura wa masu zaɓenta da irin wannan doka don nishaɗi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko farin jini: motata fowil ce, ƙafafunta huɗu duk suna ja. Gaskiya ne fowil na taimaka wa mota ta tashi daga tsaye, ta hau tudu mai santsi. Sai dai jan injin bai da hannu a tsayawa. Kowace mota, fowil ko akasin haka, da ƙafa huɗu take cin birki, kuma tsawon tazarar da za ta yi kafin ta tsaya ya rataya ne ga abin da roba ta iya kamawa. Hasali ma fowil na iya zama tarko, don yana ɓoye wa direba irin santsin da ke ƙarƙashinsa. Motar ta tashi lafiya lau, ya saki jiki ya ƙara wuta, bai san halin da yake ciki ba sai ya taka birki a mararraba. Na'urar hana ƙafa kullewa, wato ABS, ita ma ba ta ƙirƙirar riƙo. Wanda tayar ta samar take rarrabawa.

A fagen ruwan sama kuma akwai wata fahimta da ta juya gaskiya. Mutane da yawa na zaton tayar bazara ta busasshiyar hanya ce kawai, ta kowane yanayi ita ce gwanar ruwa. Gwaje-gwajen da mujallun motoci da ƙungiyoyin direbobi na Turai ke yi shekara da shekaru suna nuna cewa idan ana ruwa cikin ɗumi, tayar bazara mai kyau ita ce yawanci kan gaba wajen tsayuwa, domin an yi robarta don wannan zafin, kuma manyan hanyoyin ruwa da ke zagaye da ita an yanka su ne don watsar da ruwa gefe. Ko wacce iri ce kuma, zurfin zane ne ke hukunci. Idan ruwan da ke kan titi ya fi ƙarfin abin da ramukan za su iya fitarwa, sai tayar ta ɗage ta hau kansa, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya zama ado. Dokar Turai ta tsaya a zurfin milimita 1.6, amma tun kafin a kai nan riƙon ruwa ya riga ya ragu sosai, riƙon dusa kuwa ya riga shi tafiya. Tayar da ake bari a mota shekara cur tana cinyewa duk bazara, sannan ta shiga hunturu da ragowar haƙoranta.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurare shi, na kuɗi da na wuri. Sayen taya takwas maimakon huɗu ba wasa ba ne, ga ladan sauyawa, ga inda za a ajiye su ga mai zaman ɗakin haya. Amma yayin da huɗu ke aiki huɗu na hutawa, don haka kuɗin ba ninkuwa yake ba, gaba ake biyansa. Lardin Ontariyo na Kanada ma tun 2016 ya tilasta wa kamfanonin inshora su yi rangwame ga mai amfani da tayar hunturu. Haka nan mutumin da ke kudancin Ingila, inda dusa kan leƙo ta tafi, ba mai hankalin da zai ce masa ya sayi tayar da aka yi don Finlan. Dominsa ne aka yi sababbin tayoyin shekara cur masu alamar dutse, irin CrossClimate da Michelin ta fitar a 2015, kuma sun rage tazarar ƙwarai. Sai dai fitowarsu shaida ce a kan tsofaffin, domin da na farkon sun cika alkawari da ba a buƙaci na biyun ba. Su ma ɗin a kan dusa aka gwada su, ba a kan sulɓin ƙanƙara ba, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙara wata alama daban ta riƙon ƙanƙara a takardar bayanin taya daga Mayu 2021.

Mu da ba mu da dusa, maganar ta ɗaya gefen take riskar mu. Motocin gwanjo da ke zuwa daga Amurka da tayoyinsu na kowane yanayi suke sauka, waɗanda suka sadaukar da wani ɓangare na ƙarfinsu don sanyin da ba ya zuwa Kano ko Maraɗi. Cikin tsofaffin tayoyin da ke shigowa daga Turai kuma, duk da suna cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigo da su, akwai na hunturu zalla, masu siraran tsagogi da alamar dutse a gefe. Zurfin zanensu kan ruɗi mai saye ya ga kamar ya yi tsintuwa, alhali robar da aka haɗa don ƙasa da digiri 7 ce zai ɗora a kan kwaltar watan Afrilu, ya loda fasinja, ya kama hanyar Zariya.