Zane Kafin Allura: Ɗinkin Furannin Matan Hangari

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau hirarmu a kan ɗinkin ado na ƙasar Hangari ne, can tsakiyar Turai. Wadda ta ga rigarsu cike da furanni ja da shuɗi sai ta ce wannan ya fi ƙarfinta. To, ku saurara.

Garuruwa biyu ne suka fi suna. Akwai Kaloca, kusa da kogin Danub, inda da fari farin zare suke ɗorawa a kan farin ƙyalle, sai a farkon ƙarni na 20 launi ya shigo. 'Yammata su sa ja mai haske, tsofaffi kuwa shuɗi da kore masu duhu. Akwai kuma Mezokobesd, garin mutanen Matyo, masu cika baƙin ƙyalle da furanni har ba ki ganin ƙasansa. A 2012 UNESCO ta sa aikin nasu cikin al'adun duniya abin kiyayewa.

Abin da nake so ku lura shi ne, ba allura ce farko ba. Suna da mata da suke kira "masu rubutu", watau masu zana furannin a kan ƙyalle da hannu, daga ka, ba tare da kwafi ba. Wata daga cikinsu, Kis Janko Bori, wadda ta rasu a 1954, har yau ana ɗinka furannin da ta zana. Mu ma ai mun san wannan: kafin a yi wa babbar riga aska takwas, sai mai zane ya zana tukuna. Wadda ba ta iya zana nata ba kuwa, kullum tana jiran aro, gidan kowa matashin kai iri ɗaya. Abin kunya ne ga 'yar makaranta mai riƙe fensir kullum.

Saboda haka ki fara da takarda. Zana ganye guda, ki sake, har hannunki ya saba. Sa'an nan ki zana shi a ƙyalle, ki cika shi da zare, ɗinki gefen ɗinki, daga baki zuwa baki, kada ƙyallen ya leƙo. Kada ki ja zaren da ƙarfi, ƙyalle zai tattare. Ban da ƙulli. Ki cusa bakin zaren ƙarƙashin ɗinkin ta baya. Kafin ki sayi jan zare da yawa, jiƙa ɗan guntu ki goga a farin ƙyalle, ki ga ko yana zuba.