Kwalkwalin Kwali: Kafin Ka Yaga, Tambayi Yaron Yadda Ya Auna

Akwai wani aiki da yaran Yamai suka tsira da shi tun da wayoyin hannu suka cika gidaje, kuma mazauna Bobiel ba sa buƙatar a ba su labarinsa. Yaro zai bi shagunan unguwa yana roƙon kwalin taliya ko na sabulu, ya tsinci gorar ruwa da tsohon silifa, ya ari almakashin uwarsa, bayan kwana biyu sai ka gan shi ya fito da sulke a ƙirji da kwalkwali a kai, wai shi jarumin sararin samaniya ne irin wanda ya gani a fim. Abin da yakan biyo baya mun san shi: uba ya ce shiririta ce, uwa ta ce ya cika mata tsakar gida da shara, idan kuma tsautsayi ya sa ya je da kayan makaranta, malam ya karɓe ya jefa bayan aji.

Ni ra'ayina shi ne muna tafka asara. Wannan kwali da muke yagawa, ga yara da yawa, shi ne wuri ɗaya tilo da lissafin aji ke haɗuwa da aikin hannu. Abin da ya kamace mu shi ne mu jawo aikin cikin makaranta, mu sa masa ido, mu kafa masa iyaka.

Bari mu fara da abin da ke cikin aikin, domin mai raina shi galibi bai taɓa tsayawa ya duba ba. Yaron da zai yi kwalkwali dole ya fara da auna kansa da zare ko tef ɗin tela. A ce ya sami santimita 54. Idan ya yanka kwali daidai 54, hular ba za ta shiga ba, domin kwalin yana da kauri, ga soson da za a shimfiɗa daga ciki. Sai ya ƙara santimita 2 ko 3. Idan zai yanka faifan da zai rufe saman, sai ya raba 57 da 3.14, ya sami faɗin da ya ɗan haura santimita 18. Wannan shi ne darasin da'ira da malamin CM2 ke bugun allo a kansa, yara suna haddacewa suna mantawa. Wanda ya ɓata kwali biyu kafin hula ta zauna masa ba zai sake mantawa ba.

Daga nan sai ya ci karo da matsalar da ta fi wannan: shimfiɗaɗɗen kwali ba ya yarda ya zama ƙoƙo. Dole a yanka shi ɓare-ɓare kamar ɓarin lemu, a haɗa bakin kowane da na ɗan uwansa. Matsalar da masu zana taswirar duniya ke fama da ita ke nan, sai dai su daga ƙwallo suke komawa takarda. Zai kuma gane da hannunsa cewa kwali na lanƙwasuwa cikin sauƙi idan an bi layin ramukan cikinsa, yana kuma turjewa idan an gitta su, saboda haka farantin ƙirji da na dantse ba yanka ɗaya ake musu ba. Idan yana son hular ta yi ƙwari, sai ya jiƙa takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida cikin kunun sitaci ko ruwan ƙaro, ya liƙa hawa-hawa a kan ƙwarya, ya jira kowane hawa ya bushe kafin ya ɗora wani. A nan ake koyon haƙuri. Idan kuma ya ce sai idanun hular sun yi haske, to ga ƙaramin ƙwan tocila, ga batir 2, ga waya, ga makunni, kuma zai gane da kansa cewa idan ya juya ƙafafun ƙwan LED ba zai kama ba. Wane darasi ne cikin waɗannan ya zama shiririta?

Hujjar farko da iyaye ke kawowa ita ce kwaikwayon baƙi. Hujja ce mai nauyi, kuma ba yau aka fara kawo ta a ƙasar nan ba. A 1966 Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin fim a Nijar, ya fitar da Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka sa huluna suka ɗaura bindigogi, suka hana ƙauyensu sakat. Gargaɗin a fili yake. Amma a lura da abu guda: kayan nan a akwati suka zo, ba wanda ya zauna ya ɗinka ko ya ƙera. Shi kuwa Alassane, wanda ya rasu a 2015, da hannunsa ya fara, yana yanka siffofi yana haska inuwarsu da fitila don mutane su kalla, har ya kai ga yin finafinan zane masu motsi irin su Bon voyage Sim. Saboda haka in za mu ji tsoro, mu ji tsoron rigar Spider-Man ta roba da ake sayowa a kasuwa ranar Sallah, wadda yaro bai koyi komai daga gare ta ba sai miƙa hannu. Wanda ya ƙera nasa ya riga ya bar sahun ƴan kallo.

Sannan wa ya ce sulke da kwalkwali baƙinmu ne? Kalmomin ma namu ne tun kafin a san fim. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe cikin yaƙin Hausawa. Har gobe ana ganin ƴan lifida a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, haka mahayan fadar Damagaram da ta Dosso suna fitowa da irin wannan shiga a ranakun biki. Lifidi kuwa auduga ce aka cusa tsakanin ƙyalle biyu aka ɗinke, dabarar da yaro zai iya gwadawa da tsumma da allura. Shigar burtu don wasa ma tamu ce. Daga goma ga watan azumi yara ke fita tashe, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, a nan Yamai kuma ga tobay-tobay da yaran unguwanni ke yi. Motar kara da ta langa-langa da iyayen yau suka ja a ƙuruciyarsu, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da kwalkwalin kwali.

Ko labarin sararin samaniya ba a bar mu a baya ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi. Malamin da ya karanta wa ɗalibansa wannan littafi, sannan ya ce kowane rukuni ya ƙera shigar da yake ganin baƙon zai sa, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ga karatun Hausa, ga aikin hannu. Su kansu masu fim na Amurka wajenmu suke zuwa aro. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin Black Panther na 2018 har ta ci kyautar Oscar a kansu, ta ɗebo daga suturar al'ummomin Afirka, har da ta Buzaye. Abin kunya ne a ce wata a Los Angeles ta ga darajar rawanin Agadas, mu kuma ɗanmu a Bobiel bai san zai iya ɗora shi a kan kwalkwalinsa ba.

Hujja ta biyu ita ce: ina wannan zai kai shi? Ba zan ce kowane mai yanka kwali zai zama injiniya ba. Amma ga misali a nan kusa. A Kaduna wasu samari da ke kiran kansu The Critics Company suka fara yin gajerun finafinan ƙagaggen labarin kimiyya a 2016, da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle da suka tara kuɗi suka saya, suna koyon dabarun kwamfuta a intanet. A 2019 labarinsu ya zaga duniya, a 2020 kuma J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin Star Wars na 2015, ya aiko musu da kayan aiki. Shi kansa Star Wars na farko, na 1977, da tarkace aka haɗa wasu kayansa: mariƙin takobin hasken nan daga hannun fitilar wata tsohuwar kyamara aka yi shi. Mu kuwa wa zai koya mana sarrafa tarkace? Duk wanda ya shiga kasuwar Katako ya ga yadda tsohuwar ganga ke zama akwati da murhu, gwangwani ya zama tukunya. Ilmin yana nan cikin gari, makaranta ce ta rufe masa ƙofa.

Wannan kuka ma ba sabo ba ne. Farfesa Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi a 1964 kan ilmi a Afirka, inda ya soki makarantar da Turawan mulkin mallaka suka bari saboda ta raba yaro da harshensa da aikin hannu. Tsarin karatun firamare namu ya tanadi darasin ayyukan hannu da ake kira APP. Malamai su faɗi gaskiya: a makarantu nawa ne wannan lokaci bai koma sharar fili ko cike gurbin darasin da aka makara ba? Uzurin da aka saba bayarwa shi ne babu kayan aiki. To ga aikin da kayansa ke zube a bakin kowane shago.

Sai dai goyon bayan da nake bayarwa yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne iyaye masu ɗari-ɗari suke da gaskiya. Na farko wuta. Kwali da soso da fenti abincin wuta ne, kuma ba mu manta da gobarar makarantar unguwar Pays-Bas a Afrilun 2021 ba, wadda ta ci yara kimanin 20 a azuzuwan zana, da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar. Kada a kawo kyandir ko ashana ko garwashi kusa da wannan aiki, kada a tara kwali a ajin zana, kada kuma a bar yaro ya narka roba don liƙi, domin hayaƙinta guba ne. Na biyu zafi da numfashi. A watan Afrilu zafin Yamai na haura digiri 40, saboda haka kwalkwali ya zama yana da ramukan iska, yana fita da hannu ɗaya, kuma kada a taɓa sa leda a cikinsa. Na uku ido: hular da ta toshe gani ta gefe ba ta hau titi, inda babura ke gudu. A gaya wa yaro kuma ƙarara cewa kwalkwalin kwali ba ya maye gurbin hular kwano. Na huɗu reza da fentin feshi aikin babba ne, a waje, inda iska ke kaɗawa, sannan tsohon batir da ya fashe ba abin wasa ba ne.

Na biyar shi ya fi muhimmanci a halin da ƙasa take ciki: babu bindigar wasa, babu yadi mai kama da kakin soja, babu yawo da rufaffiyar fuska bayan magariba. Abin da yaro ya ɗauka wasa, wanda ya hango shi daga nesa cikin duhu ba lallai ya ɗauke shi haka ba. A ba jarumin wani aiki daban: mai neman ruwa a duniyar Mars, mai gyaran tauraron ɗan'adam, likitar jirgin sama. Iyayen da ke ƙyamar siffar mai rai saboda addini su ma akwai mafita, domin sulke da kwalkwali sutura ce, ba dole a yi musu fuskar mutum ko ta dabba ba.

Yadda za a fara ba wuya. Malami ya raba aji rukuni-rukuni na yara 5 ko 6, ya ba su mako 4. Makon farko awo da zane a takarda, kuma ba a taɓa almakashi sai malam ya duba lissafin. Na biyu yanka da haɗi, na uku liƙi da ado, na huɗu kowane rukuni ya tsaya gaban aji ya bayyana abin da ya lalace da yadda aka gyara, da Hausa ko Zabarmanci sannan da Faransanci. A ba da maki a kan awo da bayani, kada a bayar a kan ƙyalƙyali, don kada ɗan mai kuɗi ya saye nasara da fenti. A sa ƴan mata a gaba wajen awo da haɗa waya, kada a tura su ga share wurin bayan an gama. Kwamitin iyaye na makaranta zai iya gayyato tela ko baduku ko maƙerin unguwa ya ba da awa ɗaya, in da hali kuma a kai yara gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, su ga tufafin gargajiya da masu sana'a suna aiki a gabansu.

Ku kuma iyaye, ba a ce ku kashe ko dala ba. Ku ware wa yaro kusurwa ɗaya a gida, ku yanka masa lokaci bayan ya gama aikin makaranta da na allo, ku sa shi ya share wurin da kansa. Idan ya kawo muku abin da ya ƙera, ku tambaye shi yadda ya auna, da abin da zai sake idan zai yi wani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun da aka buge yau saboda ya yanka kwali, shi za mu nema gobe ya gyara mana famfo da farantin sola mu rasa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a hannuwansu.