Sarkin Da Ya Fi Ƙarfin Mutum Dubu: Wa Ya Kayar Da Shi?

Tun shekarun 1990 da aka yi ta kai ruwa rana a jaridu kan abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano, littattafan soyayya ne suka sha duka. An ce suna lalata tarbiyyar 'yan mata, an ce Hausarsu ta karye. Littattafan yaƙi kuwa aka bar su suna shan inuwa, wai don ba su da zancen samartaka. To, ni yau da su nake, kuma da 'yan'uwana marubuta masu rubuta su.

Mai karatu ya san fasalin labarin ko ban faɗa ba. Ana haifar yaro da alamar jarumta, ya tashi maraya, ya sami takobin tsafi a kogon aljani. Ya kashe dakaru dubu da sara ɗaya, ya cinye birane arba'in, ya hau gadon sarauta. Daga littafi na ɗaya har na shida babu ranar da ya yi kuskure, babu ranar da ya ji tsoro. Da marubuci ya ga takarda ta kusa ƙarewa, sai ya kawo wata mace ta sace layar da ke damtsen sarki, ko wani boka ya busa masa hayaƙi, shi ke nan sarki ya faɗi. Wani ma ba ya barin sa ya faɗi ko kaɗan.

Ina cewa wannan ragwanci ne, kuma ragwanci mai cutarwa. Sarkin da ya faɗi don an sace masa laya bai koya wa kowa komai ba, illa dai a riƙa ɓoye laya da kyau, kuma kada a yarda da mace. Marubucin ya wanke jaruminsa tas, ya ɗora laifin a kan matar gida.

Kada wani ya ce mini ai haka labarin jarumai yake tun fil azal. Mu duba mafi tsufansu. Labarin Gilgamesh, sarkin Uruk a ƙasar da yau ake kira Iraƙi, an rubuta shi a kan allunan yumɓu goma sha biyu, kuma a 1872 George Smith ya karanta wa duniya sashen da ke maganar ruwan ɗufana. Masu labarin sun ba Gilgamesh ƙarfin da ya wuce na bil'adama. Amma da me suka buɗe? Da kukan talakawansa, domin ƙarfin nan ya mai da shi azzalumi a kan samari da amare. Ya sami aboki, Enkidu, suka je suka kashe Humbaba mai gadin daji, suka kashe bijimin sama, sakamakon wannan ɗibar karan mahaukaciya Enkidu ya mutu. Nan ne sarkin da bai taɓa jin tsoro ba ya ga mutuwa ido da ido, ya bar fada ya shiga duniya neman abin da zai hana shi mutuwa. An ce ya yi kwana bakwai bai runtsa ba, barci ya kayar da shi tun kafin a je ko'ina. Ya samo tsiron da ke mayar da tsoho yaro, ya tsaya wanka, maciji ya ɗauke. Ya koma Uruk hannu rabbana, ba abin da zai nuna sai ganuwar birni. Dubi wanda ya kayar da shi: barci da maciji, bayan girman kansa ya riga ya gama da shi.

Haka Firdausi ya yi da Rustam a Shahnama, wadda ya kammala a 1010. Ba a taɓa kai bayan Rustam ƙasa a hakikanin yaƙi an gama da shi ba, amma ya ɓoye sunansa ga wani saurayi da suka kara a fagen fama, ya soke shi, sannan ya gane ɗansa ne Suhrab. Hannun da ya ba shi suna shi ne ya kashe masa magaji. Wannan ita ce faɗuwar da ke sa mai karatu ya ajiye littafi ya yi shiru.

Ba sai mun je Farisa ba ma. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, ya ɗauko tushensa daga labarin Iliya Muromets na Rasha ya yi masa rigar Hausa. Iliya ya fara rayuwa a gurgu, ƙarfinsa kyauta ce aka ba shi bayan ya girma, ya yi wa Waldima Sarkin Kib bauta, sarkin ya saka masa da kurkuku, a ƙarshe kuma ya zama dutse. Yaron da ya karanta wannan ya san ƙarfi aro ne, ya san kuma mai mulki yana iya butulce wa wanda ya tsare masa ƙofa.

Za a ce mini ai nishaɗi ne kawai, me ya yi zafi? Ga abin da ya yi zafi. Ina koyar da yara 'yan shekara sha uku zuwa sha takwas, kuma littattafan nan da karatunsu da ake saurare a waya sun fi littafin manhaja shiga kansu. Ka ba aji aikin rubuta labari, rabin samarin za su kawo maka sadauki mai sare kawuna. Ka tambaye su talakawan biranen da ya ƙone fa, sai su dube ka kamar ka yi Girkanci. A wajensu mutanen nan adadi ne kawai, dubu goma a shafi na biyar, dubu ashirin a shafi na tara. Ƙasar da ta sha mulkin soja daga 1966 zuwa 1979, ta sake sha daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, ƙasar da yau masu bindiga ke sa wa ƙauyuka haraji a Zamfara da Katsina, ba ta bukatar adabin da zai koya wa yaranta cewa mai ƙarfi shi ne mai gaskiya.

Ban ce a daina rubuta aljanu da takubban tsafi ba. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar 1933, cike yake da su, kuma har gobe muna alfahari da shi. Masu son a hana littattafan yaƙi gaba ɗaya ba na tare da su, domin yaron da aka ƙwace wa Iliya ba zai koma ga littafin nahawu ba, zai bar karatu ne ɗungurum. Abin da nake nema ga marubuci abu uku ne. Ya ba sadaukinsa aibi tun a littafi na farko, ko girman kai ko fushi ko haɗama. Ya bar aibin ya riƙa girma tare da mulkinsa, har ya zama shi ne igiyar da za ta shaƙe shi. Sannan ya ba ko da mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka cinye birninsu suna da baki, mu ji abin da zai ce.

Masu iya magana sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Marubucin da ya jefa sarkinsa sama, wajibinsa ne ya nuna mana abin da ya jawo shi ƙasa daga cikin halinsa. In ba zai iya ba, ya ajiye alƙalami tukuna ya koma ya karanta Ingawa.

Allah Ya sa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.